Chevelle ta 1970 a garejin gida: a mayar da ita yadda ta fito ko a sa mata kayan zamani?

Baban Hafsat, Columbus

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya da masana a kan wata tsohuwar mota da na saya a nan jihar Ohio ta Amurka, Chevrolet Chevelle Malibu ƙirar 1970, mai ƙofa biyu. Injin da ta fito da shi ne a cikinta, V8 mai lamba 307, wato kimanin lita 5, da akwatin giya na Powerglide mai giya biyu kacal, birkinta kuma na ganga ne a duka ƙafafu huɗu. Tana tashi, tana tafiya, sai dai tana ɗan hayaƙi da safe. Tsatsa ta ci ƙasan but, ta ci kewayen gilashin baya da ƙasan fendojin gaba. Garejina na mota biyu ne, ina da injin walda da kwamfuresa da sauran kayan hannu, kuma a ƙarshen mako kawai nake samun lokaci. Abin da ya raba mini hankali shi ne, ko dai in gyara ta daidai yadda ta fito daga masana'anta, ko kuwa in cire injin da giyar in sa na zamani, in sauya birki, in sa mata na'urar sanyaya iska, domin burina shi ne in riƙa ɗaukar iyalina a cikinta lokacin zafi, ba in ajiye ta a ƙarƙashin mayafi ba.

Alhaji Mudi, Detroit

Wa alaikumus salam. Baban Hafsat, Allah ya sa alheri. Kafin ka kwance ƙusa ko ɗaya, ka fara sanin abin da ka saya. A gaban injin, ɓangaren fasinja, akwai wani ɗan fili a jikin ƙarfen da aka buga lambobi a kai. Idan ƙarshen lambar da ke wurin ya yi daidai da ƙarshen lambar motar da ke kan dashbod, to wannan inji da wannan mota tare suka baro masana'anta. Sannan ka duba ƙarƙashin kujerar baya da saman tankin mai, domin ma'aikata sukan bar takardar haɗa motar a irin waɗannan wurare, kuma ita ce ke nuna duk abin da aka sa mata tun farko.

Ra'ayina kuwa ba ɓoyayye ba ne: a bar ta yadda take. Shekarar 1970 ba kamar sauran shekaru ba ce a tarihin waɗannan motoci. Abin ya faro ne a 1964, lokacin da John DeLorean da abokan aikinsa a Pontiac suka cusa babban inji mai lamba 389 a cikin matsakaiciyar mota suka kira ta GTO. Daga nan kowane kamfani ya shiga gasar. General Motors ya hana sa injin da ya wuce 400 a matsakaitan motocinsa har zuwa 1970, da ya ɗage hanin kuwa sai ga Chevelle SS, wato nau'in Super Sport mai ƙarfi, mai injin 454, wadda mafi ƙarfin nau'inta, LS6, aka rubuta mata ƙarfin doki 450. A wannan shekarar ce kuma aka zartar da dokar tsaftace iska, kamfanonin inshora suka tsauwala wa matasa masu irin waɗannan motoci, a 1971 aka rage matsin injuna domin su iya shan fetur mai ƙarancin dalma, sannan takunkumin man fetur na Oktoban 1973 ya ƙarasa kashe kasuwar. Saboda haka motar da ke garejinka ta fito ne daga shekarar ƙarshe ta wannan zamani, kuma kowace rana sai an yanka irinta an mayar da ita wani abu daban. Nan gaba kaɗan, Malibu da ba a taɓa ba za ta fi SS wuyar gani.

Nura, Atlanta

Ranka ya daɗe Alhaji, tarihin nan gaskiya ne, amma da izininka ina ganin bai shafi wannan motar kai tsaye ba. Da LS6 ce, ni ne zan fara roƙon kada a taɓa ta. Malibu mai 307 kuwa motar zuwa aiki ce da kai yara makaranta, an ƙera irinta da yawan gaske, kuma ƙarfin doki 200 da aka rubuta mata ma a tsohon ma'auni ne, wanda ake gwada inji tsirara babu salansa babu sauran kayan da ke jansa. Tun 1972 aka koma auna inji yadda yake a cikin mota, kuma a wannan ma'aunin 307 bai kai ko kusa da 200 ba.

Shawarata, yaya, ita ce ka nemi injin lita 5.3 na dangin LS daga tsohuwar Silverado ko Tahoe, manyan motocin Chevrolet, a wurin masu sayar da kayan motocin da suka yi haɗari, tare da akwatin giyarsa 4L60E da wayoyinsa da birenbos ɗinsa. Wannan dangin inji ya fara fitowa ne a Corvette ta 1997, an yi miliyoyinsa, kayansa kuma suna kowane shago. Yana ba da ƙarfin doki kusan 300 na gaske, yana tashi da sanyin asuba ba tare da an yi ta taka totur ba. Ga kuma lissafin da ya fi komai muhimmanci ga mai tafiyar nesa: idan aksul ɗin bayanka 3.08 ne, wato sanda ta juya sau 3.08 kafin taya ta juya sau ɗaya, tayarka kuma inci 26, to a gudun mil 70 Powerglide zai sa injin yana juyi kusan 2,800 a minti, amma da giya ta huɗu ta 4L60E zai sauko ƙasa da 2,000. Wannan bambancin shi ne na ƙara, da zafi, da kuɗin mai.

Injiniya Rabi, Houston

Alhaji da Malam Nura duk sun tafi wajen inji, alhali inji shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a yi maganarsa. Baban Hafsat ya ce yara zai ɗauka. Motar nan ta haura tan ɗaya da rabi, kuma birkin ganga idan ya yi zafi, gangar takan buɗe ta yi nesa da takalmin birkin, sai ka taka ka ji ƙafarka ta nutse mota ba ta tsaya ba. A 1970 kowa irin wannan birkin yake da shi, ko kusa da haka, don haka kowa yana barin tazara. Yau kuwa motar da ke gabanka a babban titi tana iya tsayawa cak a tazarar da taka ba za ta iya ba. Wanda ya ninka ƙarfin injin ya bar birkin yadda yake, ya ƙara wa kansa haɗari ne kawai.

Abin daɗin shi ne, a nan babu saɓani tsakanin masu son asali da masu son zamani, domin Chevrolet da kansa ya sa birkin diski a ƙafafun gaban SS a wannan shekarar, kuma duk kayan suna shiga Malibu ba tare da yanka ko walda ba. Sai dai a kula, ba diski kaɗai ake sauyawa ba. Dole a sauya babban famfon birkin zuwa wanda aka yi domin diski a gaba da ganga a baya, a sa bawul ɗin da ke daidaita matsin gaba da na baya, in ba haka ba tayoyin baya su riga kullewa mota ta juya. Bututan ƙarfe da na roba duka a sabunta su, tunda motar Ohio ce. Kuma kada a hure ƙurar tsofaffin takalman birki da iskar kwamfuresa, domin na da ana yin su ne da asbesto, sai dai a jiƙa a goge.

Bayan birki sai ƙafafu da sitiyari. Robobin hannuwan gaba da na baya sun shekara hamsin da wani abu, sun bushe. Akwai kuma wani aibi da aka ƙera waɗannan motoci da shi: idan mota ta kwanta a kwana, saman tayar waje yakan karkata waje maimakon ciki, sai tayar ta hau gefenta ta rasa riƙo. Ana gyara wannan da doguwar mahaɗar sama ko doguwar sandar da ke riƙe tayar, kuma ba wanda zai gane an yi wani abu sai ya leƙa ƙarƙashi. Tayoyi kuma a duba lambobi huɗun ƙarshe da ke gefensu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Taya mai kyan zane da ta shekara goma sha biyar ba abar dogaro ba ce. A ƙarshe, bel ɗin kujera na 1970 gida biyu ne, na cinya daban na kafaɗa daban, shi ya sa ba mai ɗaura na kafaɗar. Akwai na zamani mai naɗe kansa da ke shiga ramukan asali.

Alhaji Mudi, Detroit

Hajiya Injiniya, a kan birki da bel ba ni da ja ko kaɗan, tunda kayan kamfanin ne na shekarar. Abin da nake ƙi shi ne manyan wilin nan na inci 18 da 20 da ake sa wa waɗannan motoci domin a samu wurin ƙaton diski. Suna ɓata tsayuwar motar gaba ɗaya.

Oga Sale, Kaduna

Ni ban taɓa taɓa Chevelle ba, amma aikin bodi nake yi tun ina yaro, kuma tsofaffin 504 da aka haɗa a nan Kaduna sun sha wucewa ta hannuna, masu su suna son a dawo musu da su sababbi. Ƙarfe ƙarfe ne a ko'ina. Abin da zan gaya maka, Baban Hafsat, tsatsar da ido ke gani kaɗan ce a kan wadda ke ɓoye. Tunda ka ce gefen gilashin baya ya ci, to daga nan ne ruwa ke sauka cikin but, idan ka sauya ƙasan but ba ka gyara bakin gilashin ba, aikin baya za ka yi. Ka ɗauki maganaɗisu ka bi jikin motar da shi, duk inda ya ƙi kamawa foti ne aka cusa. Foti na gyaran fuska ne, ba na toshe rami ba. A yanke har sai an tarar da ƙarfe mai haske, a yanko faci daidai ramin, a haɗa baki da baki, kada a ɗora wani kan wani domin ruwa yana kwana a tsakani. Walda kuma ɗigo-ɗigo ake yi, nan ɗaya can ɗaya, ana bari yana hucewa, domin idan ka ja dogon layi zafi zai lanƙwasa faranti, ka wuni kana bugu bai miƙe ba. Kuma ka sauke tankin mai ka fitar da shi waje kafin wuta ta kusanci but.

Injiniya Rabi, Houston

Maganar Oga Sale ita ce ta farko a jeri, har gaba da birki. Zan ƙara abu ɗaya da ya bambanta motarka da 504. Chevelle bodinta daban ne, casis ɗinta daban, an ɗaure su da ƙusoshi a kan robobi. Gishirin da ake zuba wa tituna a Ohio da Michigan lokacin ƙanƙara casis ɗin yake fara ci, musamman inda ya lanƙwasa a gaban tayoyin baya, da jelar da ke bayansu, da wuraren da bodi ke zaune. Ka ɗaga ta a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, ba a kan jak kaɗai ba, ba kuma a kan bulo ba, ka bi casis ɗin da guduma da tsinken ƙarfe. Idan tsinke ya shige, to duk wannan muhawara ta inji sai a jingine ta, domin lissafin kuɗin ya sauya.

Baban Hafsat, Columbus

Na gode ƙwarai. Na duba lambar injin kamar yadda Alhaji ya ce, ta yi daidai da ta motar. Takardar masana'anta ban same ta a ƙarƙashin kujera ba, saura saman tanki. Casis ɗin kuma guduma tana ƙara mai kyau a ko'ina, sai wurin zaman bodi guda biyu na baya da suka ruɓe. Yanzu tambayata, in ɗage bodin gaba ɗaya daga kan casis in yi aikin daga tushe, ko in bi shi sashe-sashe?

Mahamman, Sacramento

Malam, a nan ne yawancin irin wannan aiki ke mutuwa. Duk wanda ke bibiyar tallan tsofaffin motoci ya saba ganin wanda ya kwance mota har ƙusa ta ƙarshe, shekaru suka wuce, ya dawo yana sayar da ita a cikin kwalaye da rabin kuɗin da ya zuba. Kwancewa mako biyu ne, haɗawa kuwa shekaru. Motar da aka kwance tana cin wurin mota uku, kai kuwa garejin mota biyu gare ka, kuma na tabbata uwargida tana da haƙƙi a ɗaya idan ƙanƙara ta sauko. Tunda casis ɗinka lafiyayye ne, ba dole sai ka raba su ba. Ana iya sassauta ƙusoshin duka, a ɗaga bodin gefe ɗaya da 'yan inci, a gyara wuraren zaman, a sa sababbin robobi. Ka tsara aikin ta yadda kowane lokacin sanyi za ka yi babban abu ɗaya, kowane lokacin zafi kuma motar tana kan titi. Mai tuƙa motarsa ba ya gajiya da ita. Duk abin da ka cire ka ɗauki hotonsa tukuna, ƙusoshinsa su shiga leda mai rubutu.

Sai batun hukuma. A nan Kalifoniya motar fetur ta 1975 zuwa baya ba ta zuwa gwajin hayaƙi, a Ohio kuma gwajin na yankin Cleveland ne, kuma bai kama mota mai shekarun taka ba, don haka ta wannan fuskar hanyarka a buɗe take. Amma lambar motocin tarihi da Ohio ke bayarwa tana da sharaɗi, ba a yarda a mayar da motar ta zirga-zirgar yau da kullum ba, sai ka auna kafin ka karɓa. Inshora kuma ka nemi irin wadda ake amincewa a kan darajar motar tun farko, ka sanar da su duk sauyin da ka yi. Ƙaramin farantin lambar da ke kan dashbod kuwa kada ka cire shi ko da za ka yi fenti, cire shi ko sauya shi na iya zama babban laifi a dokar tarayya.

Nura, Atlanta

Na yarda da jerin, amma ina nan a kan bakana game da inji idan lokacinsa ya zo. Fetur ɗin yanzu yana da kashi 10 cikin ɗari na itanol, yana cin tsofaffin robobin kafireta da bututan mai, yana jan danshi idan mota ta daɗe a ajiye. Fetur mai dalma da aka ƙera injin dominsa an daina sayar wa motocin titi tun 1996. Baƙin man zamani kuma an rage masa sinadarin zinki da tsohon kamshaf ke bukata, sai ka nemi na musamman. Duk wannan wahala domin injin da ko a zamaninsa ba wanda ya yi alfahari da shi.

Alhaji Mudi, Detroit

Nura ɗana, ka faɗi wahalar tsohon inji, ba ka faɗi ta sabon ba. Kafireta tana aiki da matsin mai kimanin 6 a ma'aunin matsi na psi, injinka na LS kuwa yana son kusan 58, ke nan sabon tanki mai famfo a ciki da sababbin bututai. Kaskon baƙin man motar ɗaukar kaya yana saukowa ƙasa da ƙarfen da ke gicciye a ƙarƙashin Chevelle, dole a sauya shi. Ga mazaunin inji, ga mazaunin giya, ga doguwar sandar da ke kai juyi baya da sai an rage ta, ga salansa, ga lagireto da fanka, ga birenbos da sai an goge masa tsarin hana sata kafin ya yarda ya tashi, ga agogon gudu na asali da ke aiki da waya mai juyawa alhali sabuwar giyar da lantarki take magana. Injin gwanjon shi ne mafi arha a cikin lissafin. Sannan ƙaramin aksul ɗin da ke bayan Malibu ba a yi shi domin wannan ƙarfin ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma a gaya masa yawan ramukan tukuna.

Akwai hanyar tsakiya da ba a ambata ba. A bar 307 a wurinsa, a sauya masa robobin bawul da ke sa shi hayaƙin safe, a cire fayint a sa na lantarki a cikin distiributa ɗin asali, a sa masa giya mai huɗu ta 200-4R, wadda tsawonta kusan ɗaya ne da Powerglide kuma ba ta bukatar birenbos. Juyin da Nura ya lissafa zai sauko haka nan, wanda ya buɗe bonet kuma 1970 zai gani.

Injiniya Rabi, Houston

Wannan shawara ta Alhaji tana da ma'ana, da sharaɗin a saita wayar da ke haɗa totur da giyar daidai, domin ita ke sarrafa matsin man giya, kuma idan ta kauce giyar takan ƙone cikin ɗan lokaci. Idan kuma daga baya ka zaɓi hanyar Malam Nura, ƙa'ida ɗaya nake roƙo: kada a yanka abin da ba za a iya mayarwa ba. A Chevelle wurin inji yana da faɗi, an yi shi ne har domin 454, don haka LS yana shiga da ƙusoshi kawai. Injin asali da giyarsa a zuba musu mai, a rufe, a ajiye a lungu, tunda lambarsu ta yi daidai da motar.

Fenti kuwa, ka yi shiri da gogewa da farar ƙasa ta ifoksi a gida, amma feshin ƙarshe ka kai wurin da ke da ɗakin feshi. Fentin zamani mai haɗi biyu yana ɗauke da sinadarin da ke lalata huhu, takunkumin takarda ba ya tare shi, garejinka kuma manne yake da gidan da yara ke kwana. Haka nan mahaɗar rufi da gefen baya da dalma aka cike ta a masana'anta, kada ka bi ta da injin gurza.

Mahamman, Sacramento

Abu ɗaya da ban ji an taɓo ba. Za a ba ka shawarar ka manna mata tambarin SS da ratsi biyu a bonet. Tun daga 1969 lambar mota ba ta nuna ko SS ce ko ba ita ba, shi ya sa na jabu suka cika kasuwa, shi ya sa kuma takardar da Alhaji ya ce ka nema take da daraja. Kai ka san gaskiya, amma mota takan wuce hannu uku ko huɗu, wani ya zo ya sayar da ita da sunan da ba nata ba.

Baban Hafsat, Columbus

Tambarin Malibu zai zauna a inda yake. Ga yadda na tsara: wannan sanyin zan sauke tanki, in gyara bakin gilashin baya da ƙasan but da wuraren zaman bodi. Kafin zafi ya shigo, birkin diski irin na SS a cikin wili mai inci 15, da robobin ƙafafu, da bel, da tayoyi. Zan tuƙa ta da 307 ɗinta tsawon lokacin zafi guda kafin in yanke hukunci tsakanin Alhaji da Nura, kuma idan Allah ya yarda zan kawo ta taron tsofaffin motoci na titin Woodward da ke yankin Detroit a watan Agusta, Alhaji ya gan ta da idonsa. Oga Sale, wane kaurin faranti ya kamata in saya domin facin bakin gilashin?

Oga Sale, Kaduna

Kada ka sayi komai sai ka yanko ɗan guntu daga wuri mai lafiya kusa da ramin ka auna shi, ka sayi daidai kaurinsa. Idan facin ya fi jikin kauri, wuta za ta huda tsohon kafin sabon ya narke. Kuma ka ajiye ƙarfen adon gilashin kusa da kai kana gwadawa a kowane mataki, domin idan kwanar ta kauce ko da kaɗan, ba zai koma mazauninsa ba bayan an yi fenti.